Zango guda na ɓata ina maganin Kemistiri, ashe ciwon na rabawa ne

Har yau in na buɗe tsohon littafin da nake rubuta makin ɗalibata 'yar aji biyu na babbar sakandare, sai raina ya sosu. Shafin tsaf yake, da rula na ja layukan: Lissafi 62, Turanci 58, Bayoloji 66, Fizik 44, Kemistiri 38. Kowa ya kalli wannan jeri zai ce Kemistiri ne ke neman kayar da ita. Haka ni ma na ce. Lesin ɗinmu sau uku ne a mako, awa ɗaya da rabi bayan La'asar, a gidansu da ke Unguwar Rogo a nan Jos. Sai na ɗauke ranar Lissafi na ƙara wa Kemistiri, tunda a ma'aunin WAEC 62 C4 ne, wato kiredit, 38 kuwa F9 ne, wato faɗuwa. Mako goma sha ɗaya muka yi a haka. Da sakamako ya fito, Kemistiri ya motsa daga 38 zuwa 41.

"Malam, ina ce kan wannan darasin kuka duƙufa?" in ji Alhaji, mahaifinta. Ban da amsa, domin a littafina duk gwajin da na yi mata tana cin bakwai ko takwas cikin goma.

Abin da ya kamata in yi tun makon farko shi na yi a watan Janairu: na roƙi Hajiya, mahaifiyarta, ta je makaranta ta karɓo ainihin takardun jarrabawar da aka maka, ba katin sakamako ba. Sai da ta je sau biyu. Na shimfiɗa takardar Kemistiri da ta Fizik gefe da gefe, na bi su layi-layi. An ba ɗalibar giram 5.3 na sinadarin Na2CO3 ta nemo adadin mol, wato ma'aunin yawan sinadari a Kemistiri. Nauyin mol ɗin ta fitar daidai, 106. Fomular ma ta rubuta daidai. Sai ta raba 106 da 5.3 ta samu 20, alhali 5.3 za a raba da 106 a samu 0.05. A takardar Fizik, bol 6 (ma'aunin turin wuta) da om 12 (ma'aunin turjiyar waya), a nemo ƙarfin wutar da ke gudana: ta rubuta 2 a maimakon 0.5. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Malam, ai ba a raba ƙarami da babba." Kuskure ɗaya ne tak, ɗan firamare, ya cinye mata maki a tambayoyi tara cikin darussa biyu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da hannuna a ciki. Don sauƙi, misalan da nake ba ta duk masu lamba mai daɗi ne: giram 80 na NaOH, a raba da 40, mol 2. Kullum babbar lamba a sama. Wato mako goma sha ɗaya ina shayar da kuskuren ina rubuta masa "takwas cikin goma". Ga shi kuma gwajin nawa a ƙarshen darasi nake yin sa, misalin na nan ɗanye a kanta, kwaikwayon siffarsa kawai take yi. Lissafin da ta ci 62 kuwa, darussan wannan zangon yawanci na kusurwoyin da'ira ne, babu inda rabawa irin wannan ta taso, sannan rabin takardar canki-canka ce.

Tun daga nan na sauya tsarin littafin. Maki a gaban sunan darasi bai isa ba. Yanzu kowane aiki layi guda ne mai gida shida: kwanan wata, darasi, ainihin batun, nawa ta ci cikin nawa, minti nawa ta ɗauka, sai irin kuskuren. Gidan ƙarshen nan shi ne ruhin littafin, kuma harafi huɗu nake amfani da su. T in Turancin tambayar ne ba ta gane ba. Ƙ in ƙa'idar ce ba ta sani ba. L in ta san ƙa'ida lissafi ya kayar da ita. G in garaje ne ko lokaci ya ƙure. Ranar Asabar nakan ƙirga haruffan nan a tsaye, ba tare da kula da sunan darasi ba. Da na yi wa takardun nan biyu haka, L goma sha ɗaya na samu, Ƙ uku kacal. Da ina da wannan gida a watan Oktoba, mako biyu ya isa in gani.

Gwajin ranar darasi kuwa na daina rubuta makinsa gaba ɗaya. Batun da muka yi yau, sai bayan kwana uku zan gwada, sai bayan mako biyu, sai bayan mako shida, kowanne da sababbin lambobi, kuma a cakuɗe da tambayoyin wani darasin don kada ta san wace fomula ke tafe. Ba na rubuta "ta iya" sai ta ci takwas cikin goma sau biyu a jere, bakina a rufe. Rufe bakin nan ya fi komai wuya a lesin na mutum ɗaya. Kana zaune kusa da yaro, ka ga alƙalaminsa ya nufi kuskure, ko gyaran murya ka yi ka ba shi amsa. Shi ya sa nake komawa bakin ƙofa da agogona har ta gama.

A lambobin ma ina sa mugunta da gangan: cikin kowace tambaya goma, aƙalla huɗu amsarsu ƙasa da ɗaya ce.

Katin makaranta ban watsar da shi ba, amma ina raba makin gwaje-gwajen cikin zango da na jarrabawar kanta. Na cikin zangon yakan haɗa da aikin gida da cikar littafin rubutu, shi ke ɗaga jimillar. A Kemistirin nan ta samu 24 cikin 30 a can, jarrabawa kuwa 17 cikin 70. Lamba ta biyun ce ke kama da abin da za ta tarar a zauren WAEC, inda kiredit ke farawa daga 50, kuma ana neman biyar har da Turanci da Lissafi. Zancen "ta nawa ta zo a aji" ba ya shiga littafina, duk da shi ne tambayar Alhaji ta farko kowane ƙarshen zango.

Gyaran kansa bai ɗauki komai ba, abin haushin ke nan. Mako uku muka ajiye littafin Kemistiri muka koma aikin ajin farko na ƙaramar sakandare: firakshan, lamba mai ɗigo, da juya fomula. Lemo shida, yara goma sha biyu, nawa kowa zai samu? Nan take ta ce rabi-rabi. Na ce to rubuta shi da lamba. Ta daɗe tana kallon takardar kafin ta sa 6 a sama. Sai da na sha bayani kafin Alhaji ya yarda kuɗin lesin ɗinsa ba a kan yanka lemo yake tafiya ba, don haka yanzu duk wata ina ba iyayen shafi guda: batutuwan da ta riƙe, waɗanda ke jiran gwajin mako shida, da harafin da ya fi yawa.

Zangon da ya biyo baya Kemistiri ya kai 57, Fizik 60, ba tare da na ƙara wa Fizik ko minti ɗaya ba. Amma a gwajin mako shida, da na rage mata lokaci zuwa minti goma sha biyar, babbar lambar ta sake hayewa sama a tambaya ta bakwai. Na rubuta L, na sa mata wata ranar gwaji.