Tururin wayar salula da ƙwaƙwalwar matasa

Iyaye da yawa suna fargabar cewa tururin da wayar salula ke fitarwa yana cutar da ƙwaƙwalwar 'ya'yansu, kuma fargabar tana da tushe, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ƙosawa sai ya haura shekara 20, musamman ɓangaren goshi mai kula da tsara al'amura da kame kai. Tururin waya dai dangin na rediyo ne, ba shi da ƙarfi irin na na'urar hoton ƙashi, kuma abin da aka tabbatar yana yi wa jiki shi ne ɗan ɗumama nama.

A 2011 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a rukunin 2B, wato abubuwan da ake zargin suna iya haddasa cutar amma hujjar ba ta yi ƙwari ba. Daga baya binciken MOBI-Kids, wanda aka yi a ƙasashe 14 a kan 'yan shekara 10 zuwa 24, bai gano alaƙa tsakanin waya da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa ba.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne binciken da wata cibiya a Basel ta Suwizalan ta fitar a 2018. Sun bibiyi matasa kusan 700 tsawon shekara guda, suka ga raguwar iya tuna siffofi da zane, musamman ga masu kara waya a kunnen dama, wato gefen ƙwaƙwalwar da ya fi yin wannan aiki. Tura saƙo da wasan gem ba su nuna irin wannan tasiri sosai ba, tunda wayar ba ta manne da kai. Su kansu masu binciken sun ce sai an ƙara nazari, amma a ganina abin ya isa a yi hattara.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye, domin waya tana ƙara ƙarfin tururinta ne idan sabis ya yi rauni. Yaron da ke cikin ɗaki a ƙauye, sandar sabis ɗaya tal a fuskar wayarsa, ya manna ta a kunne yana hira har kunnen ya yi zafi, shi ne ya fi kwasa. Ya sa iyafis ko ya buɗe sifika, domin nisan taƙi ɗaya ma yana rage tururin ƙwarai. Hirar tsakar dare kuwa illarta a fili take, tunda matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, ga shi kuma asuba ba ta jiran kowa.