Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zamana a Gidan Ate da ke Los Banos

A makon jiya na tsaya a inda jirginmu ya sauka a Manila, babban birnin ƙasar Filifin, bayan da ma'aikatarmu ta tura ni horo kan noman shinkafa a Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, wato IRRI, wadda ke garin Los Banos a lardin Laguna, kimanin kilomita 60 kudu da Manila. An kafa cibiyar a 1960, kuma daga can ne irin IR8 ya fito a 1966, wanda ya ninka amfanin gona a ƙasashen Asiya da dama. Batun horon zan bar shi zuwa gaba, domin abin da ya fi zama a raina daga wannan tafiya shi ne zaman da na yi da mutanen gari.

Na kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa mai ƙaramin kanti a ƙofar gidanta, a wata unguwa da ake hango dutsen Makiling daga cikinta. Kowa a layin yana kiranta Ate, kamar yadda suke kiran duk macen da ta girme su, ni ma sai na bi sahu, ita kuma ta riƙa ce mini Kuya, wato yaya, duk da cewa a shekaru ta haife ni. Tun a safiyar farko na gane cewa a ƙasar nan shinkafa ita ce abinci, sauran abubuwa kuwa mahaɗi ne. Da safe a soya ragowar ta jiya da tafarnuwa, a ɗora ƙwai da busasshen kifi, da rana a ci fara da miya, da dare ma haka. Hatta gidajen abincin zamani irin su Jollibee, waɗanda na zaci burodi da nama kawai suke sayarwa, da dunƙulen shinkafa suke haɗa soyayyar kazarsu. Abin da ya ɗaure mini kai a matsayina na malamin gona shi ne, ƙasar da take da babbar cibiyar binciken shinkafa ta duniya tana cikin sahun gaba wajen sayo shinkafa daga waje, musamman daga Biyetnam. Dalilin ba lalacin manoma ba ne, domin na ga yadda suke aiki. Ƙasar tsibirai ce fiye da 7,000, duwatsu sun cinye yawancinta, ba ta da shimfiɗaɗɗen fadama irin na bakin kogin Mekong na Biyetnam, mahaukaciyar guguwa takan ratsa yankinta kusan sau 20 a shekara, ga bakuna fiye da miliyan 100 suna jiran tukunya.

Matsalata ta farko ita ce naman alade, wanda yake shiga kusan komai, har ganyen da mutum zai ɗauka ba ruwansa da nama sai a tarar an soya shi da kitsensa. Da na yi wa Ate bayani, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko cire naman daga kwano ya wadatar. Na ce mata a'a. Washegari na dawo daga gona na tarar ta sayo sabuwar tukunya da sabon kasko da ludayi, ta ɗaura wa kowanne jan zare a mariƙi don kada jikokinta su haɗa su da na gida, kuma ta ƙi karɓar kuɗinsu. A wannan tukunya ta riƙa dafa mini sinigan, wata miya mai ruwa-ruwa da ake tsamama ta da ɗanyar tsamiya a zuba kifi da ganye, da kuma adobo na kaza, wanda ake dafawa da ruwan kal da tafarnuwa da baƙin ruwan waken soya har ya tsotse. Abu ɗaya na ƙi yarda da shi duk da nacin samarin layin, shi ne balut, ƙwan agwagwa da ake dafawa bayan ɗan tsako ya fara kama jiki a ciki. Su dai suna shanye ruwansa da gishiri suna lumshe ido, ni kuwa kallonsa kawai ya ishe ni.

Kantin Ate taga ce kawai mai ragar ƙarfe, da ɗan gurbin da hannu zai shiga. A jikin ragar an rataye jerin ƙananan ledojin sabulun wanke gashi, da kofi, da garin sabulu, kowanne na amfani sau ɗaya. Ana sayen taba kara ɗaya, man girki cokali kaɗan a ƙulli, katin waya na 'yan peso. Ta ajiye wani tsohon littafin makaranta da take rubuta bashi, kowane gida da shafinsa, kuma ana biya ne a tsakiyar wata da ƙarshensa, lokacin da ake ba ma'aikata albashi. Na lissafa na ga cewa wanda yake saye da ɗai-ɗai haka ya fi mai saye da yawa biyan tsada, amma wanda kuɗin yau kaɗai ke hannunsa ba shi da wata hanya, kuma littafin nan shi ne bankin unguwar.

A cikin motar haya ma na ga irin wannan amana. Motocin da suke kira jifni sun samo asali ne daga jif-jif ɗin da sojojin Amurka suka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka ƙara musu tsawo, aka sa benci biyu masu fuskantar juna, aka yi musu ado da launuka da sunayen 'ya'yan mai motar da hotunan waliyyansu. Ta baya ake shiga a sunkuye, kuma yawancinsu ba su da yaron mota. Wanda ya zauna can bakin ƙofa sai ya miƙa kuɗinsa ga na kusa da shi, wannan ya miƙa wa na gaba, har kuɗin ya isa tafin direba, wanda zai juyo da hannu ta bayan kafaɗa ya karɓa ba tare da ya ɗauke ido daga titi ba, takardun kuɗi na naɗe a tsakanin yatsunsa. Canjin ma ta wannan hanya yake dawowa, hannu zuwa hannu, kuma ban taɓa ganin ko kwabo ya maƙale a hanya ba. Mai sauka yakan ƙwanƙwasa sulalla a ƙarfen rufin mota, direba ya taka birki ko a tsakiyar hanya ne, abin da yake ƙara wa cunkoson Manila azaba.

Da yamma jikokin Ate suka saba dawowa daga makaranta, kowanne ya kama hannunta na dama ya ɗora bayan hannun a goshinsa kafin ya ajiye jaka. Ba a daɗe ba suka fara yi mini haka ni ma, kuma na ji daɗin abin fiye da yadda na nuna. Sai daga baya na tambayi inda iyayensu suke. Uwar tana aikin jinya a Riyad, uban kuma ma'aikacin jirgin ruwa ne wanda yakan yi watanni a teku. Wannan ba labarin gida ɗaya ba ne. Tun 1974, a zamanin Shugaba Ferdinand Marcos, gwamnati ta mayar da tura ma'aikata waje wata manufa ta ƙasa, kuma a yau miliyoyin 'yan ƙasar suna aiki a ƙetare, suna aiko da fiye da dala biliyan 30 a shekara. Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti a Saudiyya ya san ma'aikatan jinyarsu, kuma waɗanda suka yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 da 1980 ba za su manta da malamansu 'yan Filifin masu koyar da lissafi da kimiyya ba. Na ga ranar da wani ƙaton kwali ya iso daga Riyad, cike da takalma da sabulai da alewa da dabino, yara suna tsalle. Ƙaramar cikinsu ta rungume takalminta ta kwana da shi, amma da uwar ta kira ta waya a daren sai yarinyar ta ɓuya a bayan kakarta, ta ƙi magana. Kuɗin ya gina ɗakin da nake haya, ya biya makaranta, amma ban yarda cewa cinikin ya yi riba yadda gwamnati take yabonsa ba.

Sallar Juma'a takan kai ni Manila wani lokaci, unguwar Kiyafo, inda Masallacin Zinare yake. An gina shi a 1976 domin ziyarar da aka shirya wa Mu'ammar Gaddafi na Libiya, ziyarar da ba ta yiwu ba, masallacin kuma ya zauna. Tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsa da cocin da ake ajiye baƙin mutum-mutumin Yesu da mabiya Katolika suke fitarwa duk ranar 9 ga Janairu, jama'a ta cika tituna ba masaka tsinke. Ate ta gargaɗe ni da in yi hattara da Musulmin wajen, ta manta da wanda take magana da shi, ko kuma a wurinta ni daban ne. Wannan tsoro tsohon abu ne da ya samo tushe daga yaƙe-yaƙen Sifaniyawa da sarakunan Musulmi na kudancin ƙasar. Musulunci ya riga Kiristanci shiga tsibiran, domin ana danganta masallacin tsibirin Simunul da ke kudu da shekarar 1380, alhali Magelan, jagoran jiragen ruwan Sifaniya, bai iso ba sai 1521, kuma ita kanta Manila sarakuna Musulmi ne suke mulkinta, ciki har da Raja Sulaiman, kafin Sifaniyawa su karɓe ta a 1571. Yawancin waɗanda na yi sahu da su 'yan ƙabilar Maranao ne daga tsibirin Mindanao, fatake masu sayar da lu'ulu'u da yadi da kayan waya. Bayan sallah sukan ja ni gidan abincinsu, inda na ci naman sa da hankali kwance, da kaza mai kurkum da kwakwa, da wani yaji nasu mai citta da barkono da suke kira palapa, wanda na riƙa sayowa a kwalba ina kai wa Ate.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan shiga batun gonakin gwaji, da yadda guguwa ta kwantar mana da shinkafa ana dab da girbi.