Yadda Na Ƙyanƙyashe Kifi Daga Busasshiyar Ƙasa

Da aka aiko mini da ƙwan kifin Nothobranchius guentheri, wanda asalinsa daga kududdufan tsibirin Zanzibar ne, abin da na gani a leda bai wuce dunƙulen dusar ɓawon kwakwa mai ɗan danshi ba. Irin waɗannan kifaye damina ɗaya suke rayuwa. Idan kududdufi ya ƙafe iyayen sukan mutu, amma ƙwan da suka binne cikin laka yakan dakatar da girmansa, ya yi kwance har ruwan sama ya dawo. Da farko na kwatanta su da gaiwa, sai dai ita gaiwa da kanta take shiga laka ta jira damina, su kuwa ƙwansu kaɗai ke tsallake rani. Muna ma da danginsu a nan gida, wato Pronothobranchius kiyawensis, wanda aka ba shi sunan kogin Kiyawa a 1928.

Gaggawa ce ta fara kayar da ni. Mako biyar kacal da zuwan ledar na juye dusar cikin ruwa, na kwana biyu ina leƙe, ko motsi babu. Saura kaɗan in zubar, sai na matse ta a tsumma, na mayar cikin leda, na ajiye a inuwa, ina dubawa kada iskar hunturu ta busar da ita ƙayau. A mako na goma sha biyu na sa gilashin ƙara girma, sai ga idanu biyu masu zoben zinariya suna kallona daga cikin ƙwai ɗan mitsitsi, wanda shi ne alamar lokaci ya yi. Na zuba ruwa mai ɗan sanyi, kafin magariba 'ya'ya sun cika kwano. Da na sake busar da dusar na jiƙa bayan mako uku, wasu suka ƙara fitowa, domin ƙwan ba ya farkawa duka a lokaci ɗaya, kada yayyafin farko ya yaudare su su halaka duka.

Ciyarwa kuwa sai da abinci mai rai, jariran Artemia, wasu ƙananan halittun ruwan gishiri masu kama da jatan lande, safe da yamma. Wata cuta mai kama da ƙurar zinariya a jiki ta kashe mini kaɗan kafin in koyi zuba ɗan gishiri a ruwan. Kafin wata biyu mazan sun yi jar wutsiya, suna danna matan cikin sabuwar dusar da na sa musu a gindin akwatin gilashi.