Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jirgin da Ba Ya Huci

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Inna, na kuma yi alkawarin kawo labarin komawarmu Idi-Araba. A yi mini haƙuri, ba yau ba. Ranar Asabar Yaya ya zo gidana, ya tsaya gaban kabad ɗin gilashin da ke falo, inda nake jera ƙananan samfuran kawunan jirgin ƙasa da nake tarawa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai har yanzu kana nan da kayan wasan yaran nan?" Maganar tana ta cina tun ranar, gara in fitar da ita in huta.

Kun san Baba, Allah ya jiƙansa, mai zuba kwal ne a kan jirgin ƙasa. Daga Zariya aka mayar da shi Ebute Metta a Legas, muka zauna a Agege cikin 'yan goro. Shekara ashirin da ɗoriya yana tsaye da shebur gaban wuta, yana ciyar da tukunya kwal ɗin Inugu. In ya dawo gida sai Inna ta sauya masa ruwan wanka sau biyu, kuma har ya bar duniya akwai baƙi a tsagun tafin hannunsa da sabulu bai fitar ba. Kawunan jiragen da ya fi so su ne waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunanmu, ƙirar Birtaniya da aka fara kawowa a ƙarshen shekarun 1940, masu manyan ƙafafu takwas a tsakiya, ƙanana biyu gaba, biyu baya. Da na dizal suka ƙwace layi a shekarun 1970, aka riƙa jingine masu tururi ɗaya bayan ɗaya, abin da yake faɗa ke nan kullum: "Jirgin da ba ya huci, mota ce aka ɗora kan dogo."

Abu biyu ya bari na aikinsa, usur da fitilar hannu mai gilashi ja da kore. Ko sadakar arba'in ba a yi ba Yaya ya share ɗakin, ya haɗa fitilar da tsohon gadon ƙarfe ya ba 'yan gwangwan. Ina Kano a lokacin. Da na dawo na tambaya, ya ce tarkace ne. Usur ɗin ya tsira ne don yana cikin adakar Inna.

Ƙaramin kan jirgi na farko da na mallaka a wurin mai gwanjo na tsince shi a Yaba, cikin kwandon kayan yara, baƙi, bututun hayaƙinsa a karye. Da na juya cikinsa na ga an rubuta Hornby. Ban san me ke nan ba, nauyinsa a hannu ne ya hana ni ajiye shi, da yadda sandunan da suka haɗa ƙafafun suke motsi in ka murza, sak yadda na Baba suke yi in jirgi zai tashi daga tashar Agege. Daga baya na fahimci cewa Hornby kamfanin Birtaniya ne mai ƙera ƙananan jiragen ƙasa, an kuma ƙanƙanta kowane abu sau 76, faɗin dogonsa milimita 16.5, wutar da ke tafiyar da shi kuma bolt 12 ce ta cikin dogon kansa. Wanda ya ƙera wannan ba yara yake nufi ba. Har ƙofar murhun da Baba yake jefa kwal tana nan a ɗakin direba, sai ka sa tabarau za ka gan ta.

Akwai kuma waɗanda kamfani yake yi 'yan ƙalilan, kowanne da lambarsa da takardar shaida a cikin kwali, in sun ƙare shi ke nan. Su nake bi. Masu wannan harka ba sa wasa da kwali, domin in ya yage ko takardar ta ɓata daraja ta faɗi. A 2023 shahararren kan jirgin Birtaniya mai tururi, Flying Scotsman, ya cika shekara 100, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, ya kuma yi gudun mil 100 a awa a 1934. Ɗan ƙanwar Hajiya da ke karatu a Ingila shi ya yi mini odar na tunawa da shekarar, ya riƙo shi a jakar hannu har Ikeja don na hana shi sa wa a kaya. Kore ne shar, lambarsa 4472. Kusa da shi Mallard yake, shuɗi, wanda ya yi mil 126 a 1938, gudun da har yau babu mai tururin da ya karya. Kuɗin da na kashe ba zan rubuta ba. Da guminna na samu, ban ci na marayu ba, ban kuma sayar da kayan kowa ba.

Legas ba ta barin ƙarfe ya zauna lafiya. Laimar damina tana shiga ko'ina, shi ya sa nake tara 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalma, in jera su a kusurwoyin kabad. Mai kuwa da tsinin allura nake ɗiga shi, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. Sau ɗaya wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona mini na'urar sarrafa gudu, tun daga nan ba na kunnawa sai da sitabilaiza.

Abin da ke damuna shi ne duk cikinsu babu na Baba. Na Ingila ne, nasu ne, su suka adana nasu har suka gina musu gidan tarihi a York. Namu layin, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, da ya isa Ibadan a 1901, ya haɗe Legas da Kano a 1912, ya kwashe goro ya kai Arewa ya sauko da shanu da gyaɗa, na fi shekara goma ina neman ƙaramin samfurin kan jirginsa mai sunan kogi ban samu ba. Na kai jikana Jaekel House, ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa a Ebute Metta, ya ga hotuna da tsofaffin kayan aiki. Akwai fitilu a wurin. Na daɗe a gabansu har yaron ya ja mini riga.

Sabon jirgin Ibadan da aka buɗe a 2021 na hau shi, akwai sanyi, akwai tsabta, ban raina ba. Amma muna wuce Agege na ji muryar Baba a kunnena: mota ce aka ɗora kan dogo.

Yaya dai babba ne, ban mayar masa da magana ba. Na sa aka kawo masa shayi, muka yi zancen auren 'yarsa, na raka shi har bakin mota. Yana shiga na ce, "Yaya, fitilar Baba nawa suka ba ka?" Ya ce wace fitila. Na rufe masa ƙofa na koma ciki, na ɗauko baƙin nan na Yaba, wanda usur ɗin Baba yake ajiye a gefensa, na goge shi.

Labarin Idi-Araba sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.