Daren fenti a Haad Rin

Saro kaya ne ya kai ni Bankok, kasuwar Pratunam, amma 'yar yayana da ke karatu a Tailan ta dage sai mun leƙa tsibirin Koh Phangan, wai bikin cikar wata. "Gwaggo, ke da zanen lalle ne sana'arki, ai sai kin ga nasu." Da wannan ta ciyo kaina.

Jirgin ƙasa na dare zuwa Surat Thani, mota zuwa tashar Donsak, sai jirgin ruwa. Ba wani abin faɗa, in ban da mai duba tikiti da ya riƙe fasfona yana juyawa yana yatsine fuska, alhali Turawan da ke gabanmu ko kallon takardunsu bai yi ba. Na haɗiye, don ba garinmu ba ne.

Tun shekarun 1980 ake wannan biki a bakin tekun Haad Rin, duk wata. In ya faɗo a babbar ranar ibadar mabiya Buda, irin Visakha Bucha, sai a matsar da shi, saboda ana hana sayar da giya a ranar. Baht 200, kuɗin ƙasar, muka biya kowa na shiga, aka ɗaura mana roba a wuyan hannu.

Kiɗan bai dame ni ba, rumfunan masu fenti na nufa. Kowace rumfa da baƙin allo cike da samfuri: malam-buɗe-littafi, fure, maciji, tutocin ƙasashe. A sama an rataye doguwar fitila mai wani shuɗin haske dishi-dishi. Nan asirin yake. Fentin yana shan hasken ultrabayolet da ido ba ya gani, ya mayar da shi launi mai walƙiya. Ka fita daga ƙarƙashin fitilar, ya koma fentin banza. Haƙora da fararen kaya ma haskawa suke yi, har dariya ta kama ni da na ga bakin 'yar yayana.

Na daɗe tsaye kan wata yarinya 'yar Miyanma. Buroshi uku ne soke a yatsunta, ba ta jan layin gwaji, ba ta gogewa. Ta dangwali launi biyu a baki ɗaya, ta murza sau ɗaya, sai ga ganye da inuwarsa. Kafin wani ƙaton Bature ya gama shan giyar da ke cikin ɗan bokitinsa ta cika masa baya da fukafukai. Mu lalle sai an zauna an jira ya kama, ya yi makonni a hannu. Nasu gumi da ruwan teku ke cinye shi kafin gari ya waye, shi ya sa ba mai neman tsafta, sauri ne kuɗin.

Ta ce baht 300 ne zane a bayan hannu. Na ce 100. Ta kama hannuna ta duba ragowar lallena, ta kira abokiyarta ta gani, muka tsaya a 150. Sai da ta shimfiɗa fari a ƙasa kafin ta ɗora ruwan hoda da kore, kuma wallahi a baƙar fata ya fi fitowa. Mutane har tsayawa suke yi suna ɗaukar hoto. Ni dai tunanina alwala, don wannan rufe fata yake yi, dole na kankare shi kafin Asuba.

Rashin kunyar kuwa sai dai addu'a. Mutum ba riga, jiki duk fenti, ya rungumi wanda bai sani ba ya ɓata masa kaya. Wasu na tsallake igiya mai ci da wuta a buge, wasu ba takalmi a cikin fasassun kwalabe. Matar masaukinmu ta manna takarda a ƙofa: duk wanda ya ɓata zanen gado zai biya. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ruwan gora kansa ninka kuɗinsa suka yi a daren.

Washegari muka haye tsibirin Koh Samui. A Hua Thanon, unguwar Musulmi masunta, wata dattijuwa ta ba mu shinkafa da soyayyen kifi, ta ƙi karɓar ko sisi da ta ji daga Najeriya muke. Daga nan Bankok, na ɗaure kaya. Na sayo kwalaben fentin, saura fitilar, ita nake cigiya yanzu.