Maman hostel

Yau na kai ƙanwata hostel ɗin Amina Hall a ABU Samaru, sabuwar shiga ce. Muna jan akwati muka tarar da wata yarinya a bakin ƙofa tana share hawaye, wai ba ta san kowa ba a Zariya. Matar da ke kula da hostel ɗin ta ajiye littafin rajista, ta kamo hannunta: "Tashi 'yata, akwai 'yan garinku a sama, yanzu suka ɗora shinkafa." Ta kuma haɗa ta da ƙanwata, wai su riƙa tafiya lacca tare.

Rajista da makulli fa aka ɗauke ta yi. Na zo da dogon wa'azi a baki, sai na rage shi, don na ga akwai mai sa mata ido in na tafi.