Godiya ga duk wanda ya sa hannu a fitar yaranmu kallon ƙwallon kwando

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Filadelfiya da kewaye. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin iyayen yara domin mu yi godiya bisa ɗawainiyar da kuka yi ranar Asabar 2 ga Disambar 2023, da muka kai yaranmu zauren Wells Fargo kallon wasannin ƙarshe na gasar jami'o'in garin nan. Godiyar ta ɗan makara, amma alheri ba ya tsufa.

Zan fara da iyayenmu mata. Tun da asuba wasu suke kan wuta, aka soya masa, aka yi dambun nama, aka cika kuloli da shinkafa, yara suka ci suka ƙoshi kafin mu kama hanya, kun kuwa san tsadar abincin cikin irin wannan zaure. Allah ya saka da alheri. Haka 'yan uwanmu direbobi da suka ajiye aikin yini guda, ranar Asabar kuma, ranar da aka fi samun fasinja, suka kwashi ƙananan yara da dattawa. Manyan samari kuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Broad Street suka bi har ƙarshensa, yayyensu na lura da su. Waɗanda suka biya kuɗin tikitin marayu sun ce kada a ambaci sunansu, ba za mu ambata ba, Allah ya san su.

Da yawa daga cikin iyaye sun tambaye ni me ya sa wannan wasa, ba na ƙwararru ba. Dalilin shi ne makarantun nan namu ne, a bakin ƙofarmu suke. Tun 1955 jami'o'i biyar, Penn da Temple da La Salle da Saint Joseph's da Villanova, suke fafatawa a junansu, har aka san su da suna Big 5, kuma shekaru da dama a tsohon zauren Palestra na Penn, wanda aka buɗe a 1927, ake yin karon. A kakar 2023 aka shigo da Drexel ta zama ta shida, aka raba su rukuni biyu, sannan aka haɗa wasa uku a yini ɗaya. Yaron da kullum yake wuce ginin Temple a cikin bas bai taɓa ɗaukar wurin a matsayin inda shi ma zai iya karatu ba, sai da ya zauna kusa da ɗalibanta yana jin hirarsu. Tun a hanyar komawa gida wata yarinya ta fara tambayar mahaifiyarta yadda ake neman gurbi.

Wasan kansa bai ba mu kunya ba. Villanova, mai kofin ƙasa uku, na 1985 da 2016 da 2018, ita ce ta sha kashi a wasan farko a hannun baƙuwa Drexel da ci 57 da 55. Dama Penn ta doke ta 76 da 72 a Palestra, Saint Joseph's kuma ta bi ta har gida ta lallasa ta. Wasa uku, ba nasara ko ɗaya. Magoya bayanta a cikinmu sun sha zolaya, har ana tuna musu cewa makarantar tasu ma ba a cikin gari take ba, a bayan gari take. A yi haƙuri, wasa ne.

Na biyun shi ne wanda yara ba su daina zancensa ba. An tafi ƙarin lokaci, Penn na gaba da maki biyu, saura daƙiƙu, mutane sun fara tattara rigunan sanyi. Sai Khalil Brantley na La Salle ya cilla ƙwallo daga wajejen tsakiyar fili, ta bugi allon kwando ta faɗa ciki daidai da ƙarar tashi, 93 da 92. Wani dattijonmu da ya zo kawai don rakiyar jikoki ya miƙe yana salati, hularsa a ƙasa. Kocin La Salle na lokacin, Fran Dunphy, shi ne ya taɓa horar da Penn da Temple, don haka tsohon gidansa ya kayar.

Da dare Saint Joseph's ta ci Temple 74 da 65 ta ɗauki kambu. Ƙananan yara dai hankalinsu na kan ɗalibin da ya sa kayan shaho, alamar Saint Joseph's, wanda al'ada ta hana shi daina kaɗa fukafukai daga farkon wasa har ƙarshe. Sun zuba ido ko zai gaji. Bai tsaya ba.

Godiya ta musamman ga Malam, wanda ya ja mu sallar Magariba tsakanin wasan farko da na biyu, da ma'aikacin zauren da ya nuna mana kusurwa mai tsabta ya kuma tsaya har muka idar. Ba mu san sunansa ba, Allah ya yi masa albarka.

Ragowar kuɗin da aka tara yana hannun ma'aji, kuma za a karanta lissafi bayan sallar Juma'a mai zuwa. Akwai jaket ɗin yaro shuɗi da safar hannu da aka bari a mota, mai su ya neme ni a masallaci. Allah ya bar zumunci, ya raya mana zuri'a. Amin.